Tsufa Ba Shi Da Magani, Amma Toshewar Fitsari Tana Da Shi

 

A Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, kamar yadda yake a Anka da Gummi da sauran garuruwan yammacin Jihar Zamfara, akwai wani abu da duk mai lura da sahun farko na masallaci zai iya shaidawa. Za ka ga dattijo wanda ya yi shekara talatin ba a riga shi zuwa sallar Asuba ba, sai a wayi gari ya fara makara. Bayan 'yan watanni ya koma sahun baya kusa da ƙofa. Daga nan sai a ji ya ce ƙafa ce ke damunsa, ya koma yin salla a zaure. In liman ne, sai ya riƙa tura na'ibi. Iyalinsa kaɗai suka san cewa buta ba ta kwana da ruwa a ɗakinsa, yana tashi sau biyar ko shida kafin assalatu. In ya tsuguna sai ya daɗe yana yunƙuri, fitsarin ya zo siriri, ya yanke, ya dawo, bayan ya miƙe ya ɗaura wando kuma ya ji ɗigo. Su ma iyalin babu wanda ya isa ya tambaye shi. Ana nan ana nan, sai daren da fitsarin zai tsaya cik, mara ta kumbura ta yi tauri, dattijon da ba a taɓa jin nishinsa ba ya riƙa murƙususu a gaban 'ya'yansa. Sa'an nan ne za a fita neman babur ko mota da tsakar dare, a kan hanyar da a shekarun nan ko da rana ba kowa ke son binta ba.

In ka tambayi dangi me ya sa ba a nemi magani tun da wuri ba, amsar guda ce: ai tsufa ne. To, ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori bayin Allah da neman magani, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta, in ban da guda ɗaya, watau tsufa. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki cuta mai magani mun jefa ta cikin wannan guda ɗayan da aka togace. Furfura da raunin gwiwa tsufa ne. Toshewar fitsari kuwa cuta ce da ke zuwa tare da tsufa, likitoci sun san dalilinta, sun kuma fi shekara ɗari suna yi mata aiki ana warkewa.

Abin da ke toshe hanyar

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira furostet. A jikin saurayi girmanta bai wuce na goro guda ba, nauyinta kimanin giram 20. Aikinta shi ne samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta ne, kamar yadda kwararo ke ratsa tsakanin gidaje biyu. Daga wajen shekara 40 zuwa sama sai tsokar nan ta fara ƙara girma a hankali, tana matse kwararon. Kimanin rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa ya kai kusan 9 cikin 10, ko da yake ba duka ne yake damu ba.

Akwai abu uku da ya kamata mai karatu ya rarrabe. Na farko, wannan kumburi ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗaukarsa wajen mace, ba ya kuma nuna cewa mutum ya yi wata ɓarna a ƙuruciyarsa. Zaton haka shi ne ya kulle bakin dattijai da yawa. Na biyu, ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama daji. Amma fa daji yana iya kama wannan tsoka ɗin, alamunsu kuma sukan yi kama, ga shi an tabbatar ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, saboda haka dole ne a bincika. Na uku, ba kowace wahalar fitsari ce daga furostet take ba. Akwai tsukewar hanya da tsohon ciwon sanyi ko rauni ke bari, akwai tsakuwar mafitsara, akwai ciwon sukari mai sa yawan fitsari, akwai kuma tsargiya, wadda mutanen garuruwan bakin gulbi irin su Gummi suka sani sarai. Kowanne da maganinsa daban. Mai tallar magani da lasifika a ranar kasuwa, wanda kwalbarsa guda ke warkar da sanyi da basir da shawara, ba shi da hanyar da zai rarrabe su.

Haɗarin zama da ciwon ya wuce rashin barci. Mafitsarar da ta shekara tana turo fitsari ta ƙuntatacciyar hanya takan yi kauri, daga bisani ta gaji ta saki. Fitsarin da ke saura a ciki yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa. In abin ya daɗe, sai ya riƙa komawa sama yana danne ƙoda, har ta lalace ba tare da mutum ya ji wani zafi ba. Wankin ƙoda kuwa ya fi aikin furostet tsada nesa ba kusa ba, ga shi ba ya ƙarewa.

Kafin a kai ga aiki

Likita zai tambayi yadda fitsarin yake, ya sa safar hannu ya taɓa tsokar da yatsa ta dubura, domin nan ne kaɗai hannu ke iya kai mata. Zai sa a gwada fitsari, a gwada jini don a ga lafiyar ƙoda, a yi wani gwajin jini mai suna PSA wanda ke taimakawa wajen gano daji, a kuma ɗauki hoton mara don a auna girman tsokar da yawan fitsarin da ke saura. Wancan taɓawa da yatsa ita ce mazaje suka fi gudu, alhali ba ta kai minti guda ba. Malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin buɗe al'aura ga likita gwargwadon bukata, Hausawa ma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magabatanmu ba su ɗauki irin waɗannan cututtuka abin rufewa ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya je ya tambayi Annabi yadda zai yi salla, Buhari ya ruwaito labarin, ga shi har yau ana karantawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir. A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake zura siririn bututun azurfa a fitar da fitsarin da ya riƙe. A zamaninmu ma, a watan Janairu na 2024, fadar Sarkin Ingila Charles na Uku ta sanar wa duniya cewa za a yi masa aiki saboda kumburin furostet, yana da shekara 75, da nufin sauran maza su je a duba su.

Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa bukatar aiki. Wanda abin bai tsananta masa ba, rage shayi da goro da yawan shan ruwa bayan Magariba kan sauƙaƙa masa. Ya guji riƙe fitsari a doguwar tafiyar mota, ya kuma yi hattara da magungunan mura na kemis, domin wasunsu suna iya tsayar da fitsarin gaba ɗaya. Akwai ƙwayoyi iri biyu da aka fi bayarwa. Irin su tamsulosin suna sassauta wuyan mafitsara, ana jin sauƙinsu cikin kwanaki, sai dai sukan sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, kuma mai shan su ya gaya wa likitan ido kafin a yi masa aikin yana. Irin su finasteride suna rage girman tsokar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi wata shida ana sha kafin a ga amfaninsu sosai.

Aiki yana zama dole ne in fitsari ya riƙe fiye da sau ɗaya, ko an cire roba ya ƙi zuwa, ko ƙwayoyin cuta suna ta dawowa, ko akwai tsakuwa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko kuwa an sha magani bai yi ba.

Robar fitsari

Ranar da fitsari ya tsaya, wurin da za a fara nufa shi ne babban asibiti mafi kusa, na Bukkuyum ko na Anka ko na Gummi, a sa robar fitsari. In ta ƙi shiga ta gaba, akan huda mara a sa ta nan. Kada a bar wanda bai koya ba ya gwada, kada kuma a zura wani abu dabam, domin yaga hanyar yana barin tsukewar da ta fi ciwon farko wahalar gyara. To, amma roba masauki ce ta matafiyi, ba a gina gida a cikinta. Akwai dattijai da yawa a ƙasar nan da suka shekara ɗaya ko biyu da jaka a ƙarƙashin riga, suna zuwa canji wata-wata, saboda tsoron aiki ko rashin kuɗinsa. Robar da ta daɗe tana kawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, in kuma aka tara kuɗin mota da na canji na tsawon wannan lokaci, sau da yawa da sun biya wani babban sashe na kuɗin aikin. Sai dai wanda jikinsa ya yi raunin da ba zai ɗauki aiki ba, shi kam likita na iya barinsa da ita.

Hanyoyin aikin

Dukan hanyoyin manufarsu ɗaya ce: a cire cikin tsokar da ya matse hanya, a bar ɓawonta. Kwatankwacin lemo ne da aka ƙwaƙule tsokarsa aka bar kwasfar.

Hanya ta farko ita ce fiɗa ta mara, ita ce kuma mafi tsufa. Wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna Peter Freyer, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, shi ya yayata ta a Landan daga 1900. Ana tsaga mara a ƙarƙashin cibiya, a buɗe mafitsara, likita ya sa yatsa ya ɓare kumburin ya fito da shi. A 1945 wani ɗan Ailan ɗin, Terence Millin, ya kawo gyara, inda ake isa ga tsokar ta gabanta ba tare da an buɗe mafitsara ba. Wannan hanya ta fi dacewa da tsokar da ta yi girma ƙwarai, ta haura giram 80, ko wadda ke tare da babbar tsakuwa. Ita ce har yanzu aka fi yi a asibitocin Nijeriya, domin ba ta bukatar injuna masu tsada, kuma mutanenmu ba sa zuwa sai tsokar ta riga ta girma. Kada a raina ta don ta tsufa: tana buɗe hanya sosai, da wuya a sake bukatar wani aiki bayanta. Nauyinta shi ne zubar jini ya fi yawa, har akan nemi dangi su tanadi jini tun kafin ranar, ana kwana kimanin mako guda ko fiye a asibiti da roba a jiki, ciwon kuma yana ɗaukar makonni kafin ya warke.

Hanya ta biyu ita ce kankara ta hanyar fitsari, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da TURP. A nan ba a tsaga ko'ina. Ana zura wani siririn bututun ƙarfe mai fitila da madubi ta gaba, a bakinsa akwai 'yar waya mai lanƙwasa da wutar lantarki ke bi. Likita yana kallo yana feƙe tsokar sala-sala, yana ƙone bakin jijiyoyin jini, ruwa yana wanke wurin. Likitocin Amurka, Maximilian Stern a 1926 da Joseph McCarthy bayansa da 'yan shekaru, su suka ƙera na'urar. Ta fi dacewa da tsoka mai giram 30 zuwa 80. Yawanci allurar kashin baya ake yi, mutum yana farke amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin kome. Ana cire roba bayan kwana ɗaya zuwa uku, a sallami mutum. Tsohuwar na'urar tana da wani haɗari, watau ruwan wankin ya shiga jini ya tsinka gishirinsa in aikin ya yi tsawo, amma sabuwar da ke aiki da ruwan gishiri ta kawar da wannan. In tsokar ƙarama ce, ƙasa da giram 30, wani lokaci tsaga ɗaya ko biyu kawai ake yi a wuyan mafitsara, hanya ta buɗe.

Hanya ta uku ita ce ta hasken leza. A ƙarshen shekarun 1990, Peter Gilling da abokan aikinsa a garin Tauranga na ƙasar Niyu Zilan suka fito da dabarar ɓare kumburin gaba ɗaya da leza ta cikin hanyar fitsari, a tura shi cikin mafitsara, a niƙe, a zuƙo. Watau aikin da yatsan Freyer ke yi ne, amma ba tare da tsaga ba. Tana yi wa tsoka kowane girma, jini kaɗan ne ke zuba, sau da yawa ana cire roba kashegari. Akwai kuma wata lezar da ke ƙone tsokar ta zama tururi, mai amfani ga waɗanda ke shan maganin tsinka jini. Cikas ɗin shi ne tsadar injin da bukatar wuta tsayayya da ƙarancin waɗanda suka ƙware, don haka a Nijeriya sai a asibitoci ƙalilan na manyan birane.

Akwai sababbin dabaru da suka fito daga baya: ɗaure gefen tsokar da wasu ƙananan maɗauri don hanya ta buɗe, ko tura mata tururin ruwan zafi ta motse, ko yanka ta da ƙarfin ruwa, ko toshe jijiyoyin da ke kai mata jini. Ƙasaitar ribarsu ita ce sun fi barin fitar maniyyi yadda yake. Amma wasunsu ba sa yi wa babbar tsoka, an fi kuma komawa a sake aiki bayansu, ga tsada. Attajirin da ya ji sunansu ya shirya tafiya Masar ko Indiya, ya fara tambayar likitan gida ko sun dace da girman tasa tsokar. Hanyar da ta fi ita ce wadda ta dace da jikinka, a hannun likitan da ya saba yin ta.

Mutumin Gwashi da aka ce yana bukatar aiki, hanyarsa ita ce ta Anka zuwa Gusau, inda akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiya ta musamman ta cututtukan mafitsara da ƙoda. Gaba kuma akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Asibitin Abubakar Imam na cututtukan mafitsara a Kano. A karɓi takardar turawa daga likitan farko, a riƙe dukan sakamakon gwaji, a kuma tambaya tun kafin a tashi wace irin hanya ake yi a wurin.

Abin da ba a faɗa sai an tambaya

Tsoron da ya fi kowanne hana maza yarda da aiki shi ne na iyali. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan waɗanda ke da ƙarfin kusantar iyalinsu kafin aiki suna ci gaba da haka bayansa. Abin da ke canzawa shi ne fitar maniyyi. Da yake an buɗe wuyan mafitsara, sai maniyyin ya riƙa komawa cikinta maimakon ya fito, daga baya ya biyo fitsari. Wannan yana samun kimanin mutum 2 cikin 3 bayan kankara, ko fiye da haka bayan fiɗa ko leza. Ba ya cutar da lafiya, jin daɗin kuma yana nan, amma samun haihuwa yana wuya. Saboda haka magidancin da ke da amarya, ko wanda bai gama son 'ya'ya ba, lalle ya faɗa wa likita tun kafin ya sa hannu a takarda, ya kuma yi shawara da matar, domin tana da haƙƙi a cikin lamarin. Wankan janaba kuwa yana wajaba da saduwa, ko maniyyi ya fito ko bai fito ba.

Bayan aiki akan ga jini-jini a fitsari na 'yan makonni, wani lokaci ya ƙaru wajen kwana goma zuwa sha huɗu. Akan yi ɗigo ko gaggawar fitsari na wani lokaci, amma ɗigon da ba ya tsayawa har abada ƙalilan ne ke samunsa, bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba. Na tsawon mako huɗu zuwa shida a bar ɗaukar buhu da noma da hawan babur da kusantar iyali, a sha ruwa da yawa, a guji taurin bayan gida. In fitsari ya sake tsayawa, ko jini ya zo da gudaji, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan take. A kuma tabbata an kai naman da aka cire ɗakin gwaji, an karɓo sakamako, domin akan tarar da daji a ɓoye. Tun da ɓawon tsokar yana nan, zuwa dubawa bai ƙare ba.

Tsarki da salla da azumi

Dattijon da ya janye daga masallaci ba don wasa da addini ya yi ba. Ya san hadisin Ibn Abbas na kaburbura biyu, wanda ɗayansu ake wa mai shi azaba saboda rashin kiyaye fitsari, sai tsoro ya kama shi. Amma wancan gargaɗi ga mai sakaci ne, shi kuwa mai lalura hukuncinsa daban. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa mai salasu, watau mai ɗigon fitsari, an so ne ya sabunta alwala ga kowace salla. A Askari da sharhohinsa an yi bayani filla-filla: in ɗigon yana tare da mutum dukan lokaci ko mafi yawansa ko rabinsa, ba ya warware alwala, in kuwa jefi-jefi yake zuwa, yana warwarewa. Abin da ya taɓa tufa ko jiki an yi rangwame a kansa matuƙar yana zuwa kowace rana, ko da sau ɗaya. Limancin mai salasu ga masu lafiya makaruhi ne, sallarsu ba ta ɓaci ba. Mai roba a jiki shi ma malamai sun sa shi cikin wannan hukunci: ya zubar da abin da ke jakar, ya yi alwala, ya yi sallarsa.

Sai dai akwai wata gaɓa da ya kamata a tsaya a kanta. Masu sharhi sun ce wannan rangwame na wanda ba shi da ikon kawar da ɗigon ne, ko wanda ke cikin neman magani. Wanda Allah Ya hore masa dukiya da hanya, aka ce ga magani, ya ƙi don kunya, ya kamata ya sake tunani ya kuma tambayi malaminsa.

A gadon asibiti salla ba ta faɗuwa. Amsar da aka ba Imrana ita ce tsarin: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance. Wanda ruwa zai cutar da ciwonsa, ko ba ya iya kai wa gare shi, ya yi taimama. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa sa roba ko madubi ko ruwan wanki ta hanyar fitsari ba ya karya azumi, wannan kuma ya dace da abin da ke littattafan Malikiyya. Amma wanda aka yi wa aiki yana bukatar ruwa da yawa, don haka ya sha, ya rama bayan ya warke. Maniyyacin aikin Hajji mai wannan lalura ya ga likita tun watanni kafin tashi, gama doguwar tafiya da layin bayan gida a Mina ba su da sauƙi ga mai toshewa.

Nauyin da ke kanmu

Masu karanta wannan shafi, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, su ne waɗanda ake bugo wa waya da tsakar dare in abin ya faru a ƙauye. Ya fi sauƙi a riga wannan dare. In nauyin uba ya hana ka tambayarsa, ka sami amininsa ko ƙanensa ko limamin unguwa ya tambaye shi. In kuwa kana iyawa, ka keɓe da shi ka ce, "Baba, na ga kamar barci ba ya isarka. Mu je Gusau a duba mu tare, ni ma shekaruna sun kai." Ba ƙarya ka yi ba, domin wanda ya kai 45 ko 50 ya isa a fara duba shi.

Ma'aikaci ya bincika abin da inshorar lafiyarsa ta ƙunsa, ta tarayya ko ta jiha. Ɗan kasuwa ya sani cewa halal ne ya damƙa zakkarsa ga matalauci ya biya kuɗin aiki da ita, kuma Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da ya dace a kai wa irin wannan kuka. Ƙungiyoyin ci gaban gari su riƙa tanadin matasan da za su ba da jini. Limamai kuma, in sun zo babin abubuwan da ke warware alwala a karatun zaure, su ƙara da cewa ɗigon dattijai yana da magani a asibiti, gama kalma ɗaya daga bakinsu ta fi goma daga bakin likita shiga kunnen tsoho.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da dattijanmu sahun farko, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.